Ruwan Tarwada da Hauyar Baba

Shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi, mu ƴaƴansa muka haɗa baki muka ɓoye masa hauya cikin rumbu. Likita ne a Dogon Dutsi ya ce in ya ci gaba da takawa zuwa gona, wata rana a amalanken jaki za a dawo da shi. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya yi shiru, kuma shirun ne ya fi ba mu tsoro. Mutumin da ko rediyo ba ya bari ya gama magana bai sa baki ba, ya koma zaman tabarma a gindin bango, tuwo ma sai Inna ta tsaya a kansa. Da na zo hutu daga wurin aiki na gan shi, raina ya ba ni in haka ta ɗore ba zai ga damina mai zuwa ba.

Ƙanwata ce ta zo da maganar kifi. Ta je wani horo, ta dawo da tamfol mai kauri, da ƙarafan da ake ɗaura shi ya tsaya kamar ƙaton daro, da ɗan injin jan ruwa mai aiki da hasken rana. Aka kafa kusa da rijiyar gida, aka zuba ƴan tarwada da ba su kai ɗan yatsa ba. Ƙauyenmu yana gefen Ɗan Kassari, inda kifi sai busasshe ran kasuwa, don haka ƴan leƙe ba su yanke ba.

"Kihi cikin tamfol!" in ji Baba. "Gobe kuma sai ku shibka hatsi cikin kwano."

Ƙanwata ta san halin kayanta. Sai ta ajiye masa buhun abincin kifin da wani gwangwani, ta ce ita kullum tana kasuwa. "Baba, guda da sahe, guda da marece. Don Allah kada a ƙara."

To, Baba tun yana saurayi yake turka rago, kuma a ƙa'idarsa abin kunya ne dabba ta kalli kwano wayam a gidansa. Yana watsa gwangwani, kafin ƙiftawar ido sun lashe, sun taso suna buɗe baki. Tausayi ya kama shi. Ya fara ƙara musu dusa, sai ragowar tuwo, har ƙanzo yake jiƙa musu. Inna tana gani ba ta hana shi ba, don rabon da ta ga mijinta ya tashi daga tabarma da kansa har ta manta.

Ruwa ya yi kauri, ya soma wari. Wata safiya aka tarar da kifin sun taru a sama suna haƙi, wasu sun juya ciki. Ƙanwata ta sa hannu ta ɗebo dusa daga ƙasan tamfol, idonta ya cika da ƙwalla. Faɗa ya zo mata har wuya, amma uba uba ne. Abin da ta iya cewa kawai, "Baba, kihi ba rago na ba."

Rana na dukan farantin injin, ta buɗe bututu ta saki ruɓaɓɓen ruwan a rairayin gindin danga, inji ya jawo sabo daga rijiya. Mafi yawan kifin suka rayu. Baba dai ya ture gwangwanin da ƙafa, ya koma tabarmarsa, wannan karon har da juya wa tsakar gida baya. Mun tsorata fiye da na farko.

Gindin dangar nan ne Inna take watsa sharar madafa, kuma daga ranar duk ruwan da aka sauya can ake sakinsa. Sai ga shi tsakiyar rani, ko'ina ya bushe ƙurmus, wurin ya yi tsanwa: kuɓewa, yakuwa, har da kabewa mai neman hawa danga.

Ina gida ran da Baba ya ratsa ta wurin da sandarsa da butar alwala. Ya tsaya, ya daɗe. Ya durƙusa da ƙyar, ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina.

"Wanga ruwa taki na," ya ce, ba da kowa ba.

"Haka anka koya muna," in ji ƙanwata. "Ni dai ban iya noma ba, Baba."

Ƙarya take yi, tare muka tashi a gona. Har yau ina gode mata wannan ƙaryar, ina gode wa Allah, ina gode wa duk wanda ya fara tunanin zuba kifi a tamfol, ko da bai san akwai wani tsoho a Arewa ba.

Baba ya dubi tsirran da suka cunkushe suna neman mai rage su, ya dubi tabarmarsa da ba ta da nisa. Sai ya waiwayo da tsohuwar muryarsa, wadda take sa kaji su watse.

"Ina kunka ɓoye hauyata?"

Kafin mu gama kallon juna, Inna ta riga ta nufi rumbu.