Ribom daga Kwallar Iya

Ina shekara shida mahaifiyata ta rasu, aka kwaso ni da 'yar jakata daga Rigasa zuwa Unguwar Shanu, wajen Iya, kakata ta wajen uwa. Gidan haya ne, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. In an idar da sallar isha'i, Iya takan jawo kurfoti da sauran garwashin tuwo, ta ɗauko kwallar ƙyallayenta. Ni kuma aikina zura mata zare a allura, don idonta ya fara gajiya.

Ribom take ɗinka mini na ɗaure gashi. Ta yanki ƙyalle dogo, ta ninka shi a baibai ta bi gefensa da allura, ta juyo shi da tsinken tsintsiya, sannan ta zura robar tsohon siket ta ƙulle. Tana yi tana tsokanata. "Ƙawata, wannan gashi naki kamar na ɗan tsako, me ma za a ɗaure? Asarar zare kawai nake."

Ni kuwa a lokacin haushinta nake ji, ba kaɗan ba. Mahaifiyata ce 'yarta ta fari, Iya kuma Bakatsiniya ce irin ta da, mai kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. Ranar rasuwa ban ga hawayenta ba. Da aka zo rabon kayan sawa aka ce ta ɗauki kasonta, sai ta kau da kai ta ce a ba mabuƙata. Kamannin Umma sun fara ɓace mini, ga wadda ta fi kowa saninta zaune a gabana, amma in na ce, "Iya, yaya Ummana take?" sai ta ce, "Miƙo min almakashi."

Tatsuniyoyinta na da yawa, amma akwai wadda ba ta yi sai tana ɗinkin nan. Wai wata kurciya ce, 'yarta ta fari ta tafi kiwo hayin kogi ba ta dawo ba, ta bar ɗan tsako a sheƙa. Tsuntsaye suka zo gaisuwa, kowa na kuka yana kiran sunan marigayiya, kurciya ko uffan. Hankaka ya ce wannan tsohuwa ba ta da zuciya. Da aka watse, sai ta bi ƙayoyin hanya tana tsintar gashin 'yarta da ya maƙale, ta kawo ta shimfiɗa a sheƙa. Ɗan tsako ya yi ta barcinsa cikin ɗumi, bai san ɗumin wa yake ji ba.

Na taɓa ce mata, "To me ya hana ta gaya masa?"

Ta ce, "Bakin ne ba zai ɗauka ba, ƙawata. Gobe da safe ki saurari kurciya. Kuka take, amma ba za ki ji ta ambaci suna ba."

Sauran tatsuniyoyi da ƙurunƙus take rufe su. Wannan kuwa sai dai ta ciji zare, ta juya ni, ta tattara ɗan gashin nawa ta ɗaure. Hannunta kan jima a kaina, ni kuma ina ta mutsu-mutsu don barci nake ji.

Ina ɗakin mijina da tsohon ciki Iya ta rasu. Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyata, ita ta buɗe kwallar. Can ƙasa ta ciro wani ƙyalle shuɗi mai zanen ganye, naɗe cikin leda. Na gane shi, don na sha ɗaure gashi da irinsa. Inna ta zauna daɓas a bakin gado.

"Atamfar Yaya ce, ta sallarta ta ƙarshe," in ji ta. "Bayan sadakar bakwai Iya ta yafa mayafi ta tafi Rigasa wajen telan Yaya, ta ce a tattaro mata duk ragowar yankan da aka taɓa yi wa yarinyar nan. Ta ce in na faɗa ba ta yafe ba."

Ashe duk shekarun da nake neman Umma a bakin Iya, a kaina take kwana. Na yi kukan da ban yi ba ina shekara shida, kuma har yau abin na ci min rai, don wadda zan ce wa na gane ta riga ta tafi.

Mace na haifa, aka mayar mata da sunan mahaifiyata, muna kiranta Ummi. A bana, da gashinta ya isa ɗauri, na ɗauko ƙyallen nan, na ninka shi a baibai yadda na ga ana yi. Ta tsaya a kaina ta ce, "Mama, wannan tsohon ƙyallen na wane ne?"

Na buɗe baki, sai na ji nauyin da Iya take faɗa. Na ce, "Miƙo min almakashi." Da ta miƙo, na riƙe hannun nata, na zaunar da ita a cinyata.

Na ce, "Na mai sunanki ne. Zauna in gaya miki yadda take."