Malam Yahaya, Wanda Ya Hana Mota Gangarowa Kanmu

Ranar Talata, 12 ga Satumba, 1978, muna tsakiyar tuƙin tuwon ɗalibai, maigidana ya tsaya a ƙofar kicin ya ce mani Malam Yahaya makanike ya rasu a gidansa na Ƙofar Sauri, bayan jinyar kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni mai dafa abinci ce a makarantar kwana inda ka yi aiki, Malam. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da na gani da idona zan faɗa.

Shekarar Udoji aka kawo mana motar yankan ciyawa, wadda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, aka ba maigidana tuƙinta. Don son da yake mata, kullum sai ya wanke ta da tiyo har cikin ƙafafu. Kai kuwa duk Asabar sai ka ɗaga ta a jak, ka girgiza kowace taya, ka juya ta, ka kafa sukudireba a gindinta ka sa kunne. Muna yi maka dariya, muna cewa likita ya zo awon ciki. Kai ne ka nuna mani boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, kana wanke su da kananzir a tsohon kwanon da na ba ka.

A daminar bara ka yi tafiyar mako uku. Ruwan wanki ya cinye giris, ƙafar baya ta fara kuka. Maigidana ya ɗebo giris ya cusa har ya yi ambaliya, kukan ya lafa. Da ka dawo ka cire tayar, ka shafa birki da yatsa, ka nuna mashi maiƙon da ya malale a kai, wanda zai hana birkin kamawa.

"Audu, giris ba man shanu ba ne. Tuwo ka ɗauke ta?"

Washegari baƙi za su zo daga Kaduna, ciyawar fili ta kai gwiwa. Filin nan gangare ne, kuma a ƙarshen gangaren murahunmu suke, mu mata goma sha ɗaya da tukwane bisa wuta. Shugaban makaranta ya zo da kansa ya ce a mayar da taya.

"Malam Yahaya, motar nan daga Ingila ta zo. Ko shekara uku ba ta cika ba."

"Ranka ya daɗe, gangare bai san Ingila ba."

Ya ce in ba ka mayar ba, ka nemi wani aikin. Ba ka yi musu ba. Ka naɗe boris ɗin a tsumma ka sa a aljihu don kada wani ya mayar da tayar, ka ɗauki lauje ka shiga cikin leburori masu yankan ciyawa, kana da shekara kusan sittin. Har la'asar kana duƙe. Na kai maka kunu, ka sha a tsaye.

Bayan baƙi sun tafi, ka mayar da tayar yadda ka same ta, ka roƙi shugaban ya hau, a shimfiɗaɗɗen wuri. Mutum biyu suka tura, ka ce ya taka birki. Ya taka iyakar ƙarfinsa, motar ta ci gaba da tafiya har sai da aka riƙe ta. Ya sauko ya daɗe yana kallon kicin ɗinmu. Maganar kora ba ta sake tashi ba. Kuma ba ka bari a ɗora wa maigidana laifi ba, ka ce kai ne ba ka koya mashi ba. Ka zaunar da shi ka koya mashi har hannunsa ya faɗa.

Kunya ta hana ni yi maka godiya kana raye. Yau na yi, a gaban kowa.

Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, Inna Binta, da ɗiyanka Ɗanjuma da Ladi. Ɗanjuma da Ladi, ku yi alfahari, mahaifinku bai taɓa sakin aikin da bai yarda da shi ba. Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka. Yadda ka tsaya tsakaninmu da wutar murhu, Allah ya tsaya tsakaninka da wutar lahira. Amin.

Furera matar Audu direba, Katsina