Ƙyauren da Ba a Sami Mai Ɗauka Ba

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ban da shekarar da guguwar teku ta afka wa ƙasar Bangala. Lokacin ina unguwar Karantina, ina soya ƙosai ina kaiwa masaukin alhazai na bakin ruwa. Jikin gidanmu akwai shagon wani tsohon tela ɗan Bangala. Hajji ya zo, ɗinki ya riƙe shi, daga baya ciwon ƙafa ya hana shi yawo. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna can gida.

Mutumin nan ba shi da zance sai garinsu. Wai masu dafa gishiri ne suka kafa shi a inda kogi ke shiga teku, kuma sau uku ruwa na cinye gaɓa suna matsawa. Duk tashin da za su yi, kafin tukunya, kafin tabarma, ƙyauren masallacinsu na katako suke fara ɗauka. Inda suka kafa shi, nan ne gari. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

"Baba, garin da ke gudu kamar ɓarawo, shi ma gari ne?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Ya isa, ya binti, 'yata! Taurin kai ne da mu. Muddin an ɗauki ƙyauren, muna nan."

Da labarin guguwar ya zo a rediyo, wasiƙa uku ya aika, shiru. Jiragen alhazai na fara isowa ya kira ni. Ya ce, "Ke ce ƙafata. Kada ki tambayi sunan kowa, ba za su sani ba. Ki tambaye su ina ƙyauren yake."

Na yi kwanaki ina tambaya kafin na dace da wani dattijo daga garin da ke maƙwabtaka da su, mai jin Larabci kaɗan. Ya daɗe yana kallon ƙosan da ke hannunsa. Ya ce masunta sun tsinci ƙyauren yana yawo a kan ruwa. Sun jingina shi da bishiya, an yi ta cigiya, har ranar da ya taso babu wanda ya zo ya ce nasu ne.

Wallahi tsoro ya kama ni. Na koma na ce, "Babu labari, Baba." Kullum haka. Na riƙa zama ina sauraron tarihin garin, kasuwar kifi, kwale-kwale, gardamar mutanensa, ban ƙara ce masa uffan ba. A ganina tausayi nake yi.

Ran nan yana cikin ɗinki ya tsayar da keken.

"Ya binti, kwana tara ke nan ba ki zagi garinmu ba." Ya dube ni. "Babu wanda ya ɗauka, ko?"

Na fashe da kuka. Shi bai yi ba. Ya naɗe wasu riguna biyu na 'ya'yansa da ya daɗe yana yi wa ado, ya miƙo min, ya ce in ba 'ya'yana.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Tun ranar na san ɓoye wa mutum mutuwar da aka yi masa ba tausayi ba ne. Kwana tara na bar tsohon nan yana makokin iyalinsa shi kaɗai, ina zaune a gabansa, ko gaisuwa ban yi masa ba.