Numfashin Lofen Gado

Tun ranar da aka rufe mahaifina, Gado Mai Lofe, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya yabi hannunsa. Wai daga unguwar Zongo har ta Avotrou ba a taɓa yin mai gina lofen shan taba irinsa ba. To, na ji. Ni ce Labiba, 'yarsa ta fari, kuma na san abin da hannun nan ya ci mana.

Iyawa kam ya iya, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Zai kwaɓa yumɓu ya bar shi kwana uku, ya murza kan lofen a tafin hannu, ya huda shi da tsinken keke, ya gasa a bayan gida har hayaƙi ya kore mu daga ɗaki. Tsofaffin masunta ke saye, da Turawa masu neman abin ajiyewa a kanta. Sigari ya kashe sana'ar kowa, bai kashe tasa ba.

Amma yana da wata doka. Lofe ba ya fita gidanmu sai an cika shi da taba an zuƙa, a ji ko iska na wucewa daidai. Shi yake kiran wannan numfashin lofe. Idan liman ya yi masa faɗa sai ya ce shi ba mashayi ba ne, gwaji yake. Gwajin lofe goma a wuni, shekara talatin.

Da tari ya kama shi, likitan lopital, wato asibiti, ya ce ko ya bar taba ko ya sayi likkafani. Baba mai son ransa ne, a ranar ya bari. Dokar ce bai bari ba. Ya dawo gida ya miƙa wa mahaifiyata, Inna Dije, lofe.

"Ke, zuƙa ki gaya mini."

"Malam, ni mace, da taba?" in ji Inna.

"Ba sha za ki yi ba, gwaji ne."

Haka ta fara, a ɗaka, ƙofa a rufe kada maƙwabta su gani. Matar da ko goro ba ta ci. Shekara tara ta yi tana zuƙa, shi yana gefe ya kasa kunne kamar mai gyaran rediyo. Ya warke ya yi ƙiba, ita ta rame, tari ya koma ƙirjinta. Na yi faɗa har na gaji. Na ce ta biyo ni gidana a unguwar Vêdoko, ta ce wa zai yi masa gwaji. Wallahi a lokacin na tsane shi, kuma har yau ban daina ba.

Damina ta ƙarshe, Inna tana kwance, ko zuwa bayi sai na riƙe ta. Da hantsi Baba ya shigo da sabon lofe, baƙi, mai zanen kifi, ya riga ya kunna. Wai mai sayensa yana tafe daga garin Abomey-Calavi a kan zemijan, wato acaɓa.

"Baba, ka dube ta mana," na ce masa.

"Sau ɗaya ne kawai, Labiba. Matsa."

Inna ta miƙa hannu da kanta. Ta sa a baki ta ja, garwashin bai ko yi ja ba. Ta sake. Shiru. Ni na ga abin da ke faruwa, shi bai gani ba. Ya fizge lofen ya juya shi, ransa a ɓace.

"Ya toshe," ya ce. "Ni Gado, na yi lofe toshasshe."

Ya buga shi da bango, ya fita yana tsaki, yana neman abin da zai faɗa wa mai saye.

Na durƙusa na tsince gutsattsarin don kada Inna ta taka. Na ɗaga wuyan lofen na duba ta hasken taga. Ramin a buɗe yake tas, ana hango waje ta cikinsa. Ƙirjin Inna ne ba sauran iskar da zai ja, ranar Alhamis muka yi mata sutura.