Layin Marigayi Tela

Idan ka shiga kasuwarmu ta ƙofar masu kwanuka, rumfar da ke kusa da famfo ta Mai Zare ce. Ni ce maƙwabciyarta, mai sabulu, kuma har gobe in na tuna abin da aka yi mata sai raina ya ɓaci.

Gajeruwar mace ce marar hayaniya. Zare take sayarwa, da allura da maɓalli. Tun tana goyon fari take zaune a rumfar nan, yanzu ga ta da riƙon jikoki, 'ya'yan ɗanta da ya tafi neman aiki aka ji shi shiru. Abin da rumfar ta kawo da yamma, shi ake ɗorawa a wuta.

Mijinta tela ne, shi ne mai waya a gidan. Ita ko ta ce wa zai kira ta, alhali duk wanda ta sani yana cikin kasuwa? Shekarar da ƙaramar hukuma ta ce an daina takarda, kowace rumfa sai an shigar da ita kwamfuta, lambarsa ta bayar. Rabinmu haka muka yi. Da Tela ya rasu, ta naɗe wayar a ƙyalle ta tura ƙasan akwati, don ba ta iya kallonta. Ba wanda ya gaya mata in aka bar layi ya daɗe a kashe, kamfani sayar wa wani yake yi.

Bana aka yi sanarwa kowa ya sabunta rajista kafin ƙarshen wata, wanda bai yi ba a ba wani rumfarsa. Na raka ta ofis. Muka yi layi a baranda, muna jiran a tada janareta, har muka kai taga.

Akawun ya ce, "Mama, na tura miki lambar sirri. Karanto min."

Ta warware ƙyallen. Mun yi wa wayar caji tun jiya, amma ko ƙyas ba ta yi ba, saƙo bai shigo ba.

Na ce, "To mayar da rajistar kan tawa wayar."

"Sai da lambar sirrin ake canzawa."

"Wa ke da ikon gyarawa?"

"Kamfanin da ya haɗa tsarin. Tsohon shugaba ne ya kawo su, yana sauka suka tattara. Sabon ya ce ba aikinsa ba ne, amma a ci gaba da amfani da shi." Ya share gumi. "Wallahi na san ki, Mama. Kwamfutar ce ba ta ba ni hanya ba."

Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara. Yaron ba mugu ba ne.

A bakin ofis muka kira lambar Tela da wayata. Da ta fara ringin, na miƙa wa Mai Zare. Wani saurayi ya ɗauka. Ta gaishe shi kamar suruki, ta yi bayani tiryan-tiryan.

Ya ce, "Baba, saƙon da kansa ya ce kada a ba kowa. Ku 'yan damfara yanzu har tsofaffi kuke sawa?" Ya kashe.

Laifinsa ne? Kullum rediyo gargaɗin da take yi ke nan.

Daga nan kusan kullum sai mun je. Akawu ya tura, mu kira, saurayin ya ƙi ɗauka. Mun je wajen kansila, aka ce yana taro. Shugaban kasuwa ya ce shi ma 'yarsa ce ta yi masa tasa. Na rubuta wa saurayin saƙo, na haɗa shi da Allah da darajar iyayensa. Mai Zare ta rame, ta daina cin abincin rana, ta koma ba wa mai neman baƙin zare shuɗi. Rannan na ji tana cewa, "Yaran nan ina zan kai su?" Ba da ni take ba.

Wata ya ƙare. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo da fenti suka rubuta wata lamba a ƙofar rumfar, an ba wani mai kayan waya.

Muna cikin zuba zare a buhu sai wayata ta yi ƙara. Saurayin ne. Ya ce ya nuna wa mahaifiyarsa saƙona, ta yi masa faɗa, bai yi barci ba. Ya ce a haɗa shi da Baba.

Na miƙa mata. Ina jin muryarsa yana karanto lambar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya maimaita don kada ta yi kuskure. Ta saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Ta yi, Baba?"

Ta ce, "Ta yi, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da mahaifiyarka."

Ta miƙo min wayar, ta ɗaure bakin buhun, ta ce in kama mata ta ɗora a ka.