Ringin da Na Sauya a Kwalin Bashmuhandis

Ku matso kusa, musamman ku sababbin zuwa, don wannan ba a faɗarsa da ƙarfi a bakin gareji. Har gobe ina tuna ranar da aka sauke mana wani tsohon babur ɗan Ingila a garejinmu na Al-Oud, can ƙasar Larabawa. Wani dattijo ne ya kawo shi, abokin kafilina Abu Fahad, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki. Dattijon ya ce na mahaifinsa ne, so yake ya ƙara jin kukansa kafin ya bar duniya.

A lokacin shekarata uku ban leƙa Maradi ba. Ni kuwa kun san ni, ɗan gida ne, furar Hajiyata kawai nake mafarki. Takardar hutuna tana kan teburin Abu Fahad, sa hannu ya rage. Ya dafa ta ya ce, "Ya Sani, ranar da babur ɗin nan ya tashi, ranar za ka tashi." Shi ke nan, an ɗaure tafiyata a wutsiyar babur.

Shugaban aikinmu wani Bamasare ne mai takardar shaida a bango, muna ce masa Bashmuhandis, wato babban injiniya. Ni nawa kwancewa da wankewa. Ga wanda bai sani ba, ringi wasu zobba ne na ƙarfe da ke zagaye fistan, su toshe tsakaninsa da bangon silinda. In sun yi ƙanƙanta, mai ya haura sama, babur ya yi ta hayaƙi ba ƙarfi. In sun matse, da sun ɗau zafi su kankare bango, silindar ta tashi aiki.

Bashmuhandis ya buɗe littafi, ya karanto lamba, aka yi odar ringi daga waje. Sai da muka yi mako uku muna jira kafin su iso. Ina cikin kankare baƙin da ke kan fistan sai na ga an buga 0.50. Ma'ana wani makaniki ya taɓa faɗaɗa silindar tun zamanin da, ya sa fistan mai ɗan girma. Littafi bai san da wannan ba.

Na je na ce, "Bashmuhandis, an taɓa rarake cikin nan fa."

Kuskurena, a gaban Abu Fahad na faɗa. Bashmuhandis ko ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ya Sani, kai da fetur da buroshi, ni da littafi. Mashi?"

Na ce, "Mashi," wato na yarda.

Da suka tafi cin abinci bayan azahar, na yi abin da maigidana na Maradi ya koya mini. Na zura sabon ringi cikin silinda, na daidaita shi da kan fistan, na sa reza a tsakanin bakinsa biyu don in auna giɓin. A wajenmu reza biyu zuwa uku ne ƙa'ida. Wannan kuwa na sa shida, har yanzu yana mini dariya. Na ce inna lillahi, in aka ɗaura wannan, sai sabuwar oda, sai wani mako ukun, ko shida.

Washegari na ce haƙori ke damuna. Na sa fistan a aljihu, na nufi shagon wani tsoho ɗan Yaman da ke tara kayan baburan da aka manta da su. Muka zazzage kwalaye har atishawa ta kama mu. Muka samu ringi masu kaurin da ya zauna daram a ramin fistan, sai dai sun ɗara kaɗan a faɗi. Wannan ba matsala ba ce. Babba ana rage shi, ƙarami ne ba a ƙara masa. Na dawo na ɓuya bayan tayoyi da magagari, ina gogawa ina gwadawa, har reza uku ta shiga da ɗan ja. Na goge su tas, na shafa mai, na jera su a kwalin Bashmuhandis, na mayar da ledar yadda take.

Ranar ɗauri Bashmuhandis ya wanke hannu kamar likita, ya buɗe kwali a gaban kowa. Ya ɗauki ringi na farko, ya shafa bakinsa da babban yatsa, sai ya tsaya. Ya sake shafawa. Ni dai na duƙufa wankin wani ƙarfe da na riga na wanke sau biyu. Na ji idonsa a ƙeyata.

Can ya ce da ƙarfi, "Masha Allah. Kamfanin nan sun iya aiki, ya Abu Fahad. Kamar da hannu suka goge shi."

Bugu biyu babur ya tashi, ba hayaƙi ko na sigari. Dattijon ya zauna kan benci ya rufe fuska da gefen rawaninsa, aka bar shi. Abu Fahad ya jawo takardata ya sa hannu a tsaye.

Da zan fita Bashmuhandis ya kama hannuna ya ce a hankali, "Haƙorin ya warke?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "In ya sake tashi, ka faɗa mini ni kaɗai."

Abin da na koya, tsohon inji ya fi littafinsa tarihi, sai ka auna shi kansa. Babba kuma yakan karɓi gyara, in dai ba a gaban maigida ka miƙa masa ba. To ku da kuka ji, tsakanina da Bashmuhandis, wa ya rufa wa wani asiri?