Ranar da Kwarkwasa Ta Shiga Kejin Zomayena

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a unguwar Hashimi, amma ranar da kwarkwasa ta afka wa zomayena ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ba a ma fara kiran garin Suleja ba, Abuja muka san shi. Maigidana malamin firamare ne, aiki ya kawo mu daga kudancin Zariya.

Ba don sha'awa na fara kiwon zomo ba. 'Yarmu ta fari ta yi ƙyanda, ta tashi a rame, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. A asibiti aka ce mu dinga ba ta nama, mu kuwa sai mu yi makonni ba mu leƙa wurin mahauta ba. Sai maigida ya haɗa mini keji da katako da waya a bayan gida, muka samo namiji ɗaya da mata. Ganyen dankali da dusa kawai nake ba su, suna ta haihuwa. Duk wanda ya ƙosa sai tukunya. Yarinya ta fara cika ido.

Wata Lahadi cikin damina muka dawo daga coci da rana, na zaga baya in zuba musu ganye. Tun daga nesa na ga ƙafafun kejin sun yi baƙi ƙirin, kamar an shafa kwalta, kuma baƙin yana motsi. Kwarkwasa ce ta fito daga ramin shara ta hau. Wanda bai taɓa jin kukan zomo ba ba zai gane ba, kamar jariri yake tsandara ihu.

Na ƙwala kira. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai gona a Maje, ya shigo da sauri, ko takalmi babu.

"Kada ki sa hannu, 'yata! Kawo toka mai zafi. Malam, ɗauko kananzir!"

Ya tsoma tsumma a kananzir ya naɗe hannunsa, ya buɗe kejin yana ciro su ɗaya bayan ɗaya, kwarkwasa na cizonsa har wuya. Ni ina watsa toka, maigida yana ƙona ciyawa a kan hanyarsu. Da ƙura ta lafa, ƙananan duk sun mutu, namijin da sauran matan ma haka. Zomanya guda ce ta rage, kunnuwanta duk jini.

Maigida ya dube ta ya ce, "Wannan ba za ta kai ba. A yanka wa yarinya kafin ta mutu a banza."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Amma dattijon ya shafa cikinta a hankali, ya girgiza kai.

"Ciki gare ta. In kuka cinye ta yau, gobe fa?"

Na ce, "Baba, yarinya kuma me za ta ci kafin nan?"

"Zabina suna ƙwai a gona. Ki bar mini wannan."

Haka aka yi. Duk sanda ya dawo daga Maje sai ya miƙo ƙwan zabi ta kan danga. Na yi ta wanke wa zomanyar kunnuwa da ruwan gishiri. Farko ta ƙi cin komai, har na fid da rai, sannan wata safiya na tarar ta cinye ganyen tas. Ba a daɗe ba ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, ta haihu. Muka saka ƙafafun kejin cikin gwangwanaye masu baƙin man mota, kwarkwasa ba ta sake hawa ba. Da 'ya'yan suka isa yanka, dattijon na kira ya yanka da hannunsa, don gidansa ma su ci tare da mu.

Yanzu da na tsufa nake ganin yadda muka kusa yin wauta, kuma ba rashin hankali ba ne, tsoro ne. Abin da na koya shi ne, ranar asara ba ranar yanke shawara ba ce. Ka tsaya ka duba abin da ya rage maka tukuna, wataƙila shi ne irin da za ka sake tashi da shi.